Ɗaya Ƙasa, Biyar Sama

Ku yi mini haƙuri da wannan rubutun, ni ba marubuciya ba ce. A bayan littafin lissafina nake yi, biron ma yana yi yana ɗaukewa, kuma in kun ga layi ya karkace to ƙofa nake kallo. Mutumin da zan ba ku labarinsa ba zan faɗi yadda muke da shi ba, ku dai ɗauka maƙwabci ne. In kun gane shi, don Allah kar ku ce daga ina kuka ji.

To ga labarin nan gare ku. Ba irin na hirar dare ba ne, da rana tsaka aka yi shi a kan idon jama'a.

A wani ƙauye tsakanin Dayi da Malumfashi akwai wani mutum, Malam Maiwada. Noma yake yi, masara da waken soya, amma in baƙo ya tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zaman hula ya ce gyara. Shi ya gyara rediyon liman, tun daga ranar ba ta kama komai sai tashar Faransanci. Shi ya gyara famfon unguwa, aka yi wata biyu ana zuwa rafi. Akwai magana guda da ba a taɓa ji a bakinsa ba tunda aka haife shi, ita ce "na kasa". In abu ya ƙi gyaruwa, to abin ne ba shi da tarbiyya.

Yana da wani tsohon babur ja, irin wanda kowa ke hawa, ana ce masa Ɗan Haƙuri. Shekara goma sha ɗaya yana gidan. Shi ke kai taki gona, shi ke kwaso masara, shi ke kai jarkokin man gyaɗa da ƙuli-ƙulin matarsa Inno kasuwa, shi ke kai mahaifiyarsa Tsohuwa asibiti in ƙafarta ta motsa. Abin da ya sa ya daɗe haka kuwa, Inno ce ta ɓoye sifana tun shekarar farko.

Ran nan Maiwada ya je Malumfashi sayen fulogi a shagon Sikiru, wani Bayarabe haifaffen Funtua mai sayar da kayan babur. Can bayan shagon, ƙarƙashin wani tsohon tamfol, ya hango wani abu kore ya tsugunna kamar zai yi tsalle, da fitilu biyu manya a goshi. Tayar bayansa ta kusa ta ƙaramar mota faɗi.

Ya ce, "Sikiru, wannan fa?"

"Babur ɗin tsere ne, Malam, tsohon yayi. Wani ya kawo shi daga Kudu a kan tirela. Shekara biyu ke nan bai tashi ba."

"Wa ya duba shi?"

"Makanikai uku."

Maiwada ya yi dariya ta hanci. "Na Malumfashi? Ai su faci kaɗai suka iya. Ni in ka ba ni shi, Juma'a uku za ka ji ƙararsa daga nan. In bar gida ana tayar da sallah, in same ta a Funtua."

Ɗaya daga cikin makanikan nan uku kuwa Sikiru ne da kansa. Ya ajiye fulogin, ya goge hannu a hankali.

"Shi ke nan, mu yi musaya. Ka bar mini Ɗan Haƙuri ka tafi da wannan. Ba zan sayar da naka ba sai Juma'a ta uku in an kira la'asar. Kafin nan, duk sanda ka gaji, ka faɗa a gaban mutum biyar cewa ka kasa, in miƙa maka mabuɗinka."

"Nemi mai saye tun yanzu."

"Akwai wani a Matazu yana so. Amma ka riƙe abu guda, wannan ba irin wanda ka saba ba ne. Ɗaya ƙasa, biyar sama."

Sikiru yana faɗa yana nuni da ƙafarsa, shi kuwa Maiwada ya duƙa yana duba gemunsa a madubin babur.

"Na sani."

"Ka san me?"

"Abin da ka ce mana. Tun kana goye na san shi."

A bayan a-kori-kura aka kawo shi gida, mutum huɗu suka kama aka shigar da shi zaure. Inno ta bar tuyar ƙuli-ƙuli ta leƙo.

"Malam, ina Ɗan Haƙuri?"

"Ya samu canji. Inno, daga yau mun bar sahun masu tafiyar hawainiya."

Ta zagaya abin sau ɗaya. "A ina zan ɗaura jarka?"

"Wannan ba a ɗaura masa jarka."

"A ina Tsohuwa za ta zauna?"

Maiwada ya dubi kujerar baya. Ba ta fi tafin hannu ba, kuma ta ɗage sama kamar wutsiyar zakara. Ya ce, "Za ta saba."

Da ya gaya mata sharaɗin Sikiru, sai ta ce, "To alhamdu lillahi, abin da sauƙi. Ga mutum biyar can gindin ceɗiya. Je ka faɗa yanzu tun motar ba ta juya ba."

"Inno, ko a mafarki kika ji na faɗi wannan maganar, to ba ni ba ne."

Ceɗiyar da take nufi tana daidai ƙofar gidan, kuma mutum biyar ne ba sa fashin zama ƙarƙashinta. Akwai Mati mai shayi, akwai Malam Abubakar Sadiq ladanin masallaci, akwai Awaisu tela, sai wasu tsofaffi biyu wa da ƙane da ba su da aiki sai musu a kan shekarar da aka yi fari. Maiwada ya kira su zaure ya ce sunan babur Shaho.

Mati ya dubi koren jikin da idanun nan biyu. "Injiniya, wannan ai kwaɗo ne."

Shi ke nan suna ya bi shi. Har yau ba wanda ya taɓa cewa Shaho sai mai shi.

Awaisu ya ce, "Ina kik ɗinsa?"

Aka duba dama, aka duba hagu, babu. Maiwada ya ce, "Makanikan Malumfashi sun cire sun sayar." Kwana biyu yana kwance robobin jikin babur ɗaya bayan ɗaya da sababbin sifanonin da ya sayo, yana neman ramin da kik yake. Bai samu ba, don irin wannan da maɓalli ake tayar da shi. Amma a garin nema ya buɗe wani baƙin akwati ƙarƙashin tanki, inda iska ke shiga inji, sai ga gidan ɓera cike da tsumma da ɓawon gyaɗa, ya toshe ko'ina. Ya kwashe. Ya wanke kabureta da fetur a tukunyar miyar Inno, ya cire batirin solar da ake cajin waya ya jona. Rana ta biyar ya danna maɓalli.

Ni dai ban san yadda zan rubuta ƙarar ba. Kaji sun haura katanga, furar Tsohuwa ta kife, wata akuya mai ciki ta haihu a ranar. Maiwada ya fito daga zaure yana tafiya kamar wanda aka naɗa.

"Makanikai uku," ya ce da 'yan majalisa, ya ɗaga yatsu uku. "Shekara biyu. Ni kwana biyar."

A nan kam ba wanda ya musa, don gaskiya ce.

Aka turo Kwaɗo waje ya hau. Hannun babur ɗin yana can ƙasa, sai da ya kwanta a kan tanki kafin ya kama.

Mati ya ce da ladan, "Malam Sadi, wannan hawa ne ko ruku'u?"

Ladan ya ce, "Ruku'u bai kai haka ba."

To kun san duk baburan da ake hawa a wajenmu, giyarsu ƙasa ake dannawa. Ka danna ɗaya, ka danna biyu, har huɗu. In za ka rage sai ka taka ƙarfen baya da dunduniya. Maiwada ya kama kuloci ya danna, giya ta shiga, babur ya tafi. Ya sake dannawa don ta biyu, ƙarfen ya ƙi motsi. Ya ƙara dannawa har da ɗaga ɗuwawu, shiru. In ya ɗan murɗa totur sai injin ya yi kururuwa kamar za a yanka shi, sai ya saki don kar ya fashe. In ya ɗan taɓo ƙarfen sama da yatsa sai ya koma firi, kamar dai kowane babur. Haka ya tafi yana ƙara kamar jirgin sama, yana gudu kamar amalanke. Wajen makarantar firamare wani mai rake a kan keke ya wuce shi, har da sallama.

Da ya dawo Mati ya miƙa masa shayi. "Sannu da zuwa, Injiniya. Yaya mutanen Funtua?"

"Ɗumama shi nake yi. Ba a sakin irin wannan rana guda."

A ransa kuwa maganar Sikiru ce ta dawo masa. Ɗaya ƙasa, biyar sama. Ya ɗauko waya zai kira ya tambaya, sai ya tuna tambaya ai ƙanwar kasawa ce, ya mayar aljihu. Ya zauna ya yi tunani da kansa, kuma ya gano.

Washegari ya gaya wa majalisa maganar Sikiru, ya ce, "Kaya ne. Inji mai ƙarfi haka, giyarsa ba ta buɗewa sai ta ji nauyi. Buhu ɗaya ƙasa a kan tanki, biyar sama a baya."

Awaisu ya ce, "A kan wannan 'yar kujerar?"

"Kai da ɗinki ka sani, bar mana inji."

Ragowar masarar bara da Inno ke adanawa ya fito da ita. Aka jera, aka ɗaure da roba, buhunan suka yi tsawo har sun fi shi. Ya saki kuloci, babur ya yi gaba, buhuna suka ce su ba da su ba. Uku suka fashe a ƙofar gida. Duk kajin ƙauyen da awaki sun zo gaisuwa, har da wasu agwagi da ba a san na waye ba. Inno ta yi yinin ranar tana tsince masara daga cikin yashi. Da za ta shiga gida ta tsaya.

"Malam, kalma biyu ce fa."

"Ba a bakina ba."

Juma'ar farko ta wuce. Mako na biyu ya sake ganowa. Wannan karon mai ne. Gwangwani ɗaya na baƙin mai a ƙasan tanki, biyar na fetur a sama. Ya haɗa, ya girgiza, ya tayar a cikin zaure. Hayaƙi ya taso fari fat, ya cika zauren, ya shiga tsakar gida, ya fita ta saman katanga. Wata mata ta yi ihun gobara. Kafin ka ce me, maƙwabta sun iso da bokitai. Wanda ya fara fitowa daga cikin hayaƙin yana tari shi aka fara sheƙa wa ruwa, kuma Maiwada ne. Bokiti na uku ma na wanke-wanke ne, da guntun tuwo a ciki.

Ya share fuska ya ce, "Wa ya kira ku? Wanke ciki yake yi."

Mati ya ce, "Gaskiya ya yi amfani. Tun ɗazu ban ga sauro ko ɗaya ba."

Giya dai tana nan guda ɗaya. A ranar da yamma yana tsaye bakin zaure yana gaya wa Awaisu, "Giya ɗaya ba ta isata. Gobe zan shiga Funtua in nemo ko da uku ne." Tsohuwa tana zaune daga ciki tana jan carbi. Kunnenta ya yi nauyi, amma ba ya ƙetare abin da ba a so ta ji. Ta aika aka kira ladan, ta sa Maiwada a gaba. Shi ne ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa.

"Kai wannan, giyar nan tun yaushe ka fara?"

"Tun ina saurayi, Tsohuwa. Kullum huɗu kafin in kai gona."

Carbin ya faɗi daga hannunta.

"Yanzu ne ta koma ɗaya," ya ci gaba, "shi ya sa kika ga raina a ɓace kwanan nan."

"Inno ta sani?"

"Ai da ita muke tafiya. Ke ma ranar asibiti da huɗu na kai ki."

Tsohuwa ta fara salati tana tafa hannu. Ladan ya yi ta bayani cewa ta babur ake nufi ba ta kwalba ba, har ya tashi tsaye yana kwatanta da ƙafa. Ta ce ta ji. Amma tun daga ranar, kullum da safe in ya je gaishe ta sai ta ce ya matso ya ce "ha".

Funtua ma bai samo komai ba. Duk shagon da ya shiga ya ce yana neman giya ta biyu da ta uku, sai a tambaye shi wane irin babur ne, shi kuma sai ya fara ba su labarin makanikai uku har su gaji.

Juma'a ta biyu ta wuce. Masarar bana ta bushe a gona, maƙwabta suna ta kwaso tasu a kan babura, ta Maiwada tana tsaye tana jiran ɓarayi da tsuntsaye. Inno ta yi fashin kasuwa sau biyu, jarkokin mai sun taru a ɗaki, ƙafar Tsohuwa ta fara motsi.

Mako na uku ya ce zai shiga ciki da kansa ya ga inda giyoyin suka maƙale. Ya kwance murfin gefen inji, ya leƙa, ya haska da fitila, ya ga ƙarafa da yawa ba wanda ya yi kama da giya ta biyu. Ya mayar ya ɗaure, noti uku suka yi saura. Ya ce na kwalliya ne. Ya ga ɗan kofin man birki ya yi ƙasa, ya ɗebo man gyaɗar Inno ya cika.

Ta ce, "Malam, wannan na tuya ne."

"Mai ai mai ne. Naki ma ya fi tsabta."

Ranar Alhamis ya tsugunna yana kallon ƙarfen giya, sai ya buga cinya. Ƙarfen na yatsa ne kaɗai, babu na dunduniya a baya irin na Ɗan Haƙuri. "Ga ciwon nan. Sun karya rabi." Ya cire ya kai wa mai walda a Dayi, aka liƙa masa guntun rodi a baya, ya dawo ya ɗaura. Bai gwada ba, don fetur ɗin da ya rage na gobe ne.

Da la'asar Inno ta kawo masa ruwa ta zauna.

"Malam, gobe ne fa."

"Na sani. Gobe za ki yi alfahari."

"Ni ba alfahari nake nema ba, abin da zai kai ni kasuwa nake nema. Ka faɗa a hankali ma, ba sai ka ɗaga murya ba. Ko kana tari ka haɗa da ita."

"Ki bar ni, Inno."

Ta bar shi. Ta shiga ɗaki ta kira Fathia matar Sikiru, wadda ke sayen ƙuli-ƙuli a wurinta, ta roƙe ta alfarma ɗaya: in Sikiru zai kai babur Matazu gobe, ya biyo ta ƙauyen, tunda a kan hanya yake.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci an ci abinci, sai ga Sikiru a kan Ɗan Haƙuri, an wanke shi yana ƙyalli. Ya kafe shi gindin ceɗiya, ya gaisa da mutum biyar ɗin nan, ya duba agogo.

"Malam Maiwada, saura kaɗan a kira la'asar. Akwai magana?"

"Akwai kallo," in ji Maiwada.

Ya fito cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau, ya danna maɓalli. Kwaɗo ya yi gurnani. Sikiru ya miƙe tsaye, bakinsa a buɗe.

"Ya tashi? Me ka yi masa?"

"Sirrin sana'a ne."

Jama'a sun taru, mata suna leƙe ta katanga, Inno tana tsaye bakin zaure da mayafi. Maiwada ya danna giyarsa guda ɗaya, ya tafi har wajen makaranta yana kururuwa, ya juyo. Dabararsa ita ce ya zo gaban majalisa ya mayar firi, ya murɗa totur sosai kowa ya ji ƙarfin inji, ya ce hanyar ƙauye ce ta yi wa Shaho kaɗan. Ya iso daidai ceɗiya, ya kama kuloci, ya taka sabon rodinsa da dunduniya da dukan ƙarfinsa. Ƙarfen ya wuce firi ya faɗa wani wuri da ƙafar Maiwada ba ta taɓa zuwa ba. Shi bai sani ba. Ya murɗa totur har ƙarshe, ya yi wa Sikiru murmushi, ya saki kuloci.

Tayar gaba ta tashi sama. Hularsa ta tsaya a inda kansa yake da, shi kuwa ya yi gaba.

Tsoro ya sa ya ƙanƙame hannun babur, jikinsa ya yi baya, totur ya ƙara murɗuwa. Ya ce bari ya rage giya. Ƙafar da ta yi shekara ashirin tana ragewa da dunduniya ta taka. Babur ya ƙara gudu. Ya sake takawa, ya ƙara. Babbar riga ta cika da iska ta zama kamar tanti. Ya matse birki, hannun birkin ya tafi laƙwas har ya taɓa roba, sai ƙamshin tuya da ya ji. Mai raken nan na kan keke ya hango shi ya faɗa gonar dawa da kekensa.

A filin ƙwallon makaranta ya samu ya karkata, ya zagaya fili sau biyu yana salati, yana taka dunduniya. Ƙwal, ƙwal. Can cikin kansa wani abu ya fara ƙirga. Ya taka sau ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, sannan ƙarfen ya tsaya. Ɗaya a ƙasa. Biyar a sama. Duk mako ukun nan suna nan zaune a saman ƙafarsa.

"Au," ya ce. Iyakar abin da ya samu faɗa ke nan, don babur ya riga ya miƙe hanyar gida, ya nufi ceɗiya.

Mati ne ya fara hawa, da butar shayi a hannu. Awaisu ya bi shi. Ladan, da ya ce shekara goma gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa, ya wuce su duka har reshe na uku. Tsofaffin nan biyu suka hau suna turin juna, kowa yana cewa shi ne babba. Sikiru ya ja Ɗan Haƙuri ya ɓuya bayan kututture. Kwaɗo ya bi ta kan tabarma, ya kwashe teburin shayi, ya nutse cikin tulin harawa da karan masara da aka tara a bayan bishiyar. Injin ya yi tari biyu ya mutu.

Da ƙura ta lafa aka ga Maiwada kwance rigingine cikin harawa, babu abin da ya same shi, sai dai Kwaɗo ya kwanta a kan ƙafarsa da rigarsa. Nauyinsa kuwa ya yi biyun Ɗan Haƙuri. Sikiru ya taho da gudu zai ɗaga.

Inno ta ce masa daga bakin zaure, "Baban Quadri, dakata tukuna, kar ka ɓata kayanka. Malam ai ba ya son a taya shi."

Sikiru ya tsaya. Ya dube ta, ya dubi agogo, ya koma da baya taku biyu. Lokacin la'asar ya yi har ya ɗan gota, amma ba a kira ba, don mai kiran yana reshe na uku ya rungume itace.

"Malam, ture shi mana ka tashi, mutane na kallo."

Maiwada ya tura. Ko motsi.

"Ƙara dai. Kai da ka tayar da abin da ya gagari mutum uku."

Ya ƙara, har jijiyar wuyansa ta fito. Salansa mai zafi tana dab da cinyarsa, ya fara jin ƙaurin shadda.

"Inno, ki ce su ɗaga."

"Su ɗaga me ya sa? Ai ka iya."

"Na kasa," ya ce a hankali.

"Iska ta kwashe, ban ji ba."

"Na ce na kasa!"

Inno ta gyara mayafi ta ɗaga kai. "Ku na sama, kun ji?"

"Mun ji," in ji ceɗiya, da murya biyar.

Sikiru yana dariya har da hawaye ya ɗaga babur, ya ciro mabuɗin Ɗan Haƙuri. Bai ba Maiwada ba, Tsohuwa ya miƙa wa ta kai wa Inno. Ita kuwa sai da ta tsaya kan ɗanta ta ce ya ce "ha" tukuna.

Maiwada ya miƙe yana kaɗe harawa daga gemu. "Ku shaida, ɗagawa na ce na kasa, ba gyara ba. Wa ya tayar da shi? Wa ya gano giya shida?"

"Kai ne, Malam," in ji Sikiru. "Kuma na gode, gobe zan aiko a ɗauka. Ban da man gyaɗar."

Mati bai sauko ba tukuna. Ya leƙo ta cikin ganye, ya nuna Maiwada da bakin buta, sannan ya juya ya ƙirga na kan rassa ɗaya bayan ɗaya har da kansa.

"Injiniya, ashe gaskiyar Sikiru ce. Ɗaya ƙasa, biyar sama."

Sai da aka kawo tsani aka sauko da ladan. A ranar an yi la'asar a makare, kuma ana cikin sahu wani ya tuna ya fashe da dariya, sai da liman ya sake kabbara.

Washegari tun da safe Ɗan Haƙuri ya yi sawu bakwai zuwa gona, ya kai Inno kasuwa, ya dawo ya kai Tsohuwa asibiti, da huɗu. Sababbin sifanonin nan kuwa an neme su an rasa, ni na san inda suke amma ba zan rubuta ba. Shekaranjiya ma na ga Maiwada yana zagaya keken ɗinkin Awaisu yana cewa ƙararsa ba daidai take ba, Awaisu ya kwanta a kan keken ya rungume. Ga Inno can tana kirana, wai in zo in kwashe ƙuli-ƙuli daga wuta kafin Baba, ina nufin maƙwabcin nan namu, ya ce zai gyara murhun.